Kaset Ɗari na Mamman Sani

A ƙarshen shekarun 1960, makaɗan Pink Floyd da Hawkwind a Ingila suka fito da kiɗa mai jan sauti a hankali, wanda ke sa mai sauraro ya ji kamar yana shawagi a sararin samaniya. Maƙwabtanmu na Nijar, da muke iyaka da su ta Zurmi, sun samu nasu ta wata hanya daban.

Mamman Sani Abdoulaye ma'aikacin UNESCO ne a wancan lokacin. Ya sayi fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya, ya riƙa ɗora karin waƙoƙin gargajiyar ƙasarsa a kai. Ba kalangu, ba 'yan amshi, sai sauti shimfiɗe kamar fili da tsakar dare. A 1978 ya naɗi kaset a Yamai, kwafi kusan ɗari kacal. Rediyo da talabijin suka yi ta sa kiɗan tsakanin shirye-shirye, har ya zauna a kunnen jama'a.

Duniya ba ta ji shi ba sai a 2013, da Christopher Kirkley ya tsinci kwafi a wata ma'adana a Yamai, kamfaninsa Sahel Sounds ya sake fitar da shi. Shekara 35 ke nan.

'Yan'uwa marubuta, adana ce ta ceci wannan aiki. Labaranmu da ke WhatsApp da Facebook kaɗai, wa zai same su nan da shekara 35? Mu buga a takarda, mu sa suna da kwanan wata, mu ajiye wuri biyu.