Ragar da ta Gagari Masana: Tarihin Binciken Tantanin Tushe

A shekarar 1842 wani likita ɗan Ingila mai suna William Bowman, wanda bai kai shekara 30 ba, ya gabatar wa manyan masanan birnin Landan sakamakon bincikensa a kan ƙoda. Ya bi diddigin ƴan ƙulle-ƙullen jijiyoyin jini waɗanda Marcello Malpighi, mutumin Italiya, ya fara gani tun 1666, ya nuna cewa kowane ƙulli yana zaune ne cikin ɗan ƙoƙo mai haɗe da bututun fitsari. A cikin bayaninsa ya ambaci wani siririn tantani garai-garai, wanda ƙwayoyin halitta ke jere a kansa kamar jama'a bisa tabarma. Shi ne Faransanci ke kira membrane basale, wato tantanin tushe. Bowman ya gan shi da madubin ƙara girma, amma bai iya faɗin da me aka yi shi ba, kuma sai da aka shafe fiye da ƙarni guda kafin amsar ta fara fitowa.

Wannan tantani yana ko'ina cikin jiki. Yana ƙarƙashin ɓawon fata, yana kewaye da zaren tsoka, yana bayan rufin jijiyoyin jini, yana cikin huhu. Majeman Damagaram da na Maradi sun daɗe suna aiki a bakinsa ba tare da sun san shi ba: idan suka jiƙa fatar jar akuya cikin ruwan toka don gashi da ɓawo su saki, kusa da wannan iyaka ne fatar ke rabuwa. A cikin ƙoda kuwa aikinsa na rariya ne. Kaurinsa a can bai wuce nanomita 300 zuwa 350 ba, sai an jera kusan 200 kafin su kai kaurin silin gashi, amma ta cikinsa ake tace kimanin lita 180 na ruwan jini kowace rana.

Abin da ya ba shi ikon wannan aiki shi ne ya hana masana sanin sirrinsa. Mai binciken sinadari yana buƙatar ya narkar da abu kafin ya rarrabe sassansa, tantanin tushe kuwa ba ya narkewa. Ga shi kuma ɗan mitsitsi, manne da wasu sassan jiki. A 1951 Krakower da Greenspon suka yi nasarar ware shi daga ƙodar kare, sannan a 1961 Marilyn Farquhar da George Palade, da madubin lantarki, suka nuna cewa manyan ƙwayoyin furotin da ke cikin jini suna tsayawa a jikinsa, ba sa wucewa.

Daga nan aka shiga jayayya. A 1966 Nicholas Kefalides, a Amurka, ya ce ya fitar da wani kolajan mai baƙon tsari daga tantanin ƙodar kare. Kolajan dai sananne ne, shi ke sa romon ƙafar saniya ya daskare idan ya huce, kuma sunansa daga kalmar Girkanci mai nufin manne ya samo asali. Sai dai wanda aka sani yana yin dogayen zaruruwa masu ratsi-ratsi, irin na jijiya da fata, tantanin tushe kuwa babu irin wannan zare a cikinsa. Robert Spiro na Harvard, wanda ya yi aiki a kan ƙodar shanu, ya tafi a kan cewa furotin ne mai ɗauke da sukari da yawa, mai kama da kolajan kawai. Kefalides ya tsaya a kan bakansa, a 1973 ya raɗa masa suna kolajan na huɗu. Lokaci ya ba shi gaskiya, ko da yake shakkar Spiro ba ta banza ba ce, domin hanyar da ake bi wajen fitar da abin tana kakkarya shi, kowa guntaye yake dubawa.

Mafita ta zo daga inda ba a zata ba. A 1977 rukunin George Martin, a cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, ya gano cewa wani ƙari da ake dasa wa ɓeraye, mai suna EHS, yana zubo kayan tantanin tushe da yawa, kuma a yanayin da bai gama ƙullewa ba. A karon farko aka samu abin da za a narkar. Daga wannan ƙari Rupert Timpl na cibiyar Max Planck da ke kusa da Munik ta Jamus, tare da abokan aikinsa, suka fitar da laminin a 1979, wani furotin mai siffar gicciye wanda ke saƙa tasa ragar a jikin ƙwayar halitta.

A 1981 Timpl da Klaus Kühn suka bayyana yadda kolajan na huɗu ke haɗuwa. Kowace ƙwayarsa igiya ce ta zare uku da aka tufke, tsawonta kimanin nanomita 400, da ɗan dunƙule a kai. Tufkar ba ta tafi santal ba, tana da wuraren sassauci fiye da 20, shi ya sa take lanƙwasa maimakon ta sandare. Igiya biyu suna haɗa kai da kai, huɗu suna haɗa wutsiya, a haka raga ke faɗaɗa ta kowace fuska. A 1984 Peter Yurchenco da Heinz Furthmayr suka ƙara nuna cewa igiyoyin suna kuma nannaɗe juna ta gefe, kuma da kansu suke wannan saƙa idan an bar su cikin ruwa mai ɗumin jiki.

Sauran labarin marasa lafiya ne suka buɗe shi. Tun 1919, lokacin annobar mura, Ernest Goodpasture ya rubuta labarin wani saurayi ɗan shekara 18 da ya rasu da zubar jini a huhu da lalacewar ƙoda. A 1927 Arthur Cecil Alport, likita haifaffen Afirka ta Kudu wanda daga baya ya koyar a Alƙahira, ya bayyana wani gida a Ingila inda ciwon ƙoda da kurumta ke bin zuriya, suna kashe maza da ƙuruciya. Babu wanda ya san cututtukan biyu suna da alaƙa. A 1987 rukunin Billy Hudson, wajen neman abin da garkuwar jiki ke kai wa hari a cutar Goodpasture, ya gano zare biyu da ba a sani ba. A 1990 rukunin Karl Tryggvason na Finlan ya gano na biyar, aka kuma tabbatar da cewa lahani a ƙwayar gadonsa ke haddasa mafi yawan cutar Alport. Yau an san zaren iri shida ne, amma hanya uku kaɗai suke tufkuwa, kuma rariyar ƙoda ta baligi ta dogara ne ga tufkar na uku da na huɗu da na biyar. A cuta ɗaya jiki ne ke yaƙar wannan tufka, a ɗayar kuwa ba a saƙa ta daidai ba tun farko.

Tambayar da ta rage ita ce ta asali: me ya ɗaure ragar har ta ƙi narkewa? A 2009 Roberto Vanacore da Hudson, a jami'ar Vanderbilt, suka samu a wurin haɗuwar kawunan wani ƙulli tsakanin sinadarin farar wuta da na nitrojin, irin wanda ba a taɓa gani a jikin mai rai ba. A 2012 aka gano cewa wani furotin mai suna peroksidasin ke ɗaura shi, a 2014 kuma aka nuna ba ya iya wannan aiki sai da bromin, sinadarin da aka daɗe ana ɗauka ba shi da wani amfani a jikin dabba. Ƙudajen ƴaƴan itace da aka hana bromin a abinci tantaninsu ya lalace, akasarinsu suka mutu. Waɗanda aka mayar wa shi suka rayu.