Binciken Samaru Da Ya Wanke Manomin Arewa Daga Zargin Jahilci

Sashen Nazarin Tattalin Arzikin Karkara, wanda aka fi sani da RERU, reshe ne na bincike da aka kafa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a tsakiyar shekarun 1960, ya kuma yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Ita cibiyar ta girmi jami'ar, domin tun 1922 ake gwaje-gwajen noma a Samaru, kafin a mayar da ita ƙarƙashin jami'a a 1962. Abin da sashen ya zo da shi sabo shi ne fita daga gonar gwaji zuwa gidan manomi, a ji yadda yake lissafin ƙasarsa da lokacinsa da kuɗinsa.

Masanin tattalin arzikin noma David Norman ne ya jagoranci aikin. A shekarar 1966 zuwa 1967 aka zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zazzau: Hanwa da ke gefen birni, Doka da ke kan hanyar Kano, da Ɗan Mahawayi wanda ke nesa da babban titi. An yi hakan ne don a ga yadda kusanci da kasuwa ke sauya tsarin noma. Ma'aikata suka riƙa ziyartar gidaje a kai a kai har shekara ta zagayo, suna rubuta awoyin aiki da kuɗin ƙwadago da amfanin da aka girbe. Daga baya aka yi irin wannan a yankunan Sakkwato da Bauci.

A wancan zamani malaman gona suna koya wa manoma shuka iri ɗaya a gona ɗaya, suna ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a fili guda alamar rashin wayewa. Alƙaluman sashen suka nuna akasin haka. Ko da yake kowane iri yakan ragu idan an haɗa shi da wani, jimillar abin da gona ke bayarwa ta fi ta shuka iri ɗaya daraja, kuma idan damina ta yi gardama ba a rasa komai gaba ɗaya. An kuma gano cewa abin da ya fi takura manomi ba ƙarancin fili ba ne, ƙarancin hannu ne a watannin Yuni da Yuli, lokacin da ciyawa ke tasowa a kowace gona a tare.

Wannan ya warware wata tsohuwar taƙaddama kan auduga. Masana sun daɗe suna kukan cewa manoma na jinkirta shukarta, alhali shuka da wuri ta fi albarka. Ashe magidanci ba zai bar gonar hatsinsa a tsakiyar noman fari ya koma wa auduga ba, sai ya tabbatar da abincin iyalinsa tukuna. Shawarar da ta yi watsi da wannan lissafi, komai kyanta a gonar gwaji, ba ta da mai karɓa a ƙauye.

Wani ɓangare da ba a cika ambato ba shi ne aikin Emmy Simmons kan matan da ke kulle. Ta nuna cewa daga cikin gida suke tafiyar da sana'o'in man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da fura da ƙosai, yara na kai musu talla, kuma ribar tasu ce ta kansu. Kuɗi ne da ƙididdigar hukuma ba ta cika ganinsa ba, har a yau ma.

Norman da Simmons da Henry Hays sun tattara sakamakon a wani littafi a 1982. Aikin na cikin tushen abin da ake kira nazarin tsarin noma, hanyar da cibiyoyin bincike a Afirka da Asiya suka ɗauka daga baya, wadda ke fara aiki da tambayar manomi kafin a kai masa sabon iri ko taki.