Katangar da ke Tsakiyar Zuciya

Ranar Babbar Sallah, idan an gama fiɗar rago an fito da kayan ciki, zuciya na cikin abubuwan da ake fara yankawa a jefa a kasko. Ba mu cika tsayawa mu dube ta ba. Da za mu tsaga ta daga sama zuwa ƙasa kafin mu miƙa wa masu suya, da mun ga ɗakuna huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da wata katangar tsoka mai kauri da ta raba ɓangaren dama da na hagu. Ko mun ɗaga ta a hasken rana, ko mun sa tsinke mun bi ta lungu-lungu, ba za mu sami ƙofa a jikinta ba. Zuciyar ɗan Adam ma haka gininta yake. Amma sai da manyan likitocin duniya suka shafe fiye da shekara dubu suna koya wa almajiransu cewa akwai ƙofofi a wannan katanga.

Abin da ɗalibanmu ke karantawa a yau gajere ne. Jinin da ya gama zaga jiki yana dawowa ɓangaren dama na zuciya. Dama ta tura shi huhu, a can ya sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin. Daga huhu ya shiga ɓangaren hagu, hagu kuma ta harba shi ko'ina, tun daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Shi ya sa idan muka duba zuciyar ragon nan za mu ga tsokar hagu ta fi ta dama kauri sosai, domin tafiyar da take aika jini ta fi nisa. Ɗan sakandare zai haddace wannan cikin minti biyar, alhali kafin a kai ga rubuta shi an ƙona littattafai, an kira masu gaskiya mahaukata, wani rubutun kuma ya kwanta a ɗakin ajiya har aka manta da shi.

Labarin ya fara da Jalinus, likitan da aka haifa a shekara ta 129 Miladiyya a garin Pergamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu. Ya fara aiki ne yana ɗinke raunukan mayaƙan da ake haɗawa su sari juna a gaban 'yan kallo, daga baya ya koma birnin Rum har ya zama likitan sarki Marcus Aurelius. Mutum ne mai son gwaji. Ya ɗaure bututun da ya taso daga ƙoda ya nuna cewa a ƙoda ake haɗa fitsari. Ya katse wata jijiya a wuyan alade mai rai, kukan aladen ya ɗauke nan take. Ya kuma tabbatar da cewa jijiyoyin nan masu bugawa jini ne a cikinsu, a lokacin da wasu masana ke cewa iska ce kawai.

Matsalarsa guda ce. A zamaninsa ba a feɗe gawar mutum a daular Rum, don haka birai da aladu da shanu ya feɗe, ya ɗauki abin da ya gani ya ɗora wa mutum. Game da jini kuwa, ga yadda ya tsara: abinci yana narkewa a ciki ya wuce hanta, hanta ta mayar da shi jini, jinin ya malala cikin jijiyoyi kamar ruwa a fadama, gaɓoɓi su shanye shi, hanta ta sake yin wani. Mu ma da muke cewa hantar wane ta kaɗa idan ya tsorata mun san girman da mutanen da suka ba wannan gaɓa. To amma Jalinus ya ga akwai jini a ɓangaren hagu na zuciya, kuma dole ya faɗi ta inda ya shiga. Sai ya ce ta katangar tsakiya yake tsatsafowa, ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya iya gani.

Wannan magana ta yi tafiya mai nisa. A Bagadaza, Hunainu bin Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, shi da almajiransa sun fassara littattafan Jalinus masu yawa zuwa Larabci. Ibnu Sina ya kammala babban littafinsa Alƙanun fid-Ɗibbi a 1025, ya tattara ilimin likitanci na zamaninsa, ƙofofin katanga kuma suka shiga ciki. Daga baya aka mayar da Alƙanun zuwa Latin, ya zama littafin karatu a jami'o'in Turai. Ɗalibi a Bagadaza da ɗalibi a Faransa duk abu ɗaya suke haddacewa.

Wanda ya fara cewa a'a malamin fiƙihu ne na mazhabar Shafi'iyya, kuma likita. Sunansa Ala'uddin Ali bin Abil Hazm, an fi saninsa da Ibnu Nafis. An haife shi wajejen 1213 a yankin Dimashƙ, ya yi karatu a asibitin Nuri na birnin, sannan ya koma Alƙahira. A 1242, bai kai shekara talatin ba, ya rubuta sharhi a kan sassan Alƙanun da suka shafi ginin jiki, mai suna Sharhu Tashrihil Ƙanun. A ciki ya bayyana cewa katangar zuciya toshe take, babu ƙofa ta fili, babu ta ɓoye. Tunda haka ne, jini ba shi da hanya sai ya fita daga dama ya bi jijiya zuwa huhu, ya gauraya da iska, ya dawo hagu ta wata jijiyar. Ya ƙara da cewa tsokar zuciya tana samun abincinta ne daga jijiyoyin da suka ratsa jikinta, waɗanda a yau muka san toshewarsu ce ke kawo bugun zuciya mai kisa.

Abin lura shi ne yadda ya yi wannan gyara. A farkon littafin ya faɗa cewa shari'a da tausayi sun hana shi feɗe gawa, kuma ya dogara da na gabansa wajen siffar gaɓoɓi. Amma wajen aikin da kowace gaɓa ke yi, ya ce abin da bincike ya tabbatar zai bi, ko ya dace da maganar magabata ko ya saɓa. Bai zagi Ibnu Sina ba, littafinsa ma yake wa hidima. Ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bar gidansa da littattafansa waƙafi ga asibitin Mansuri. Bayaninsa na huhu bai shiga cikin karatun da ake bai wa yawancin ɗalibai ba, ƙofofin Jalinus suka ci gaba da zama a littafi.

Shekara ɗari uku bayan sharhin Ibnu Nafis, a jami'ar Padua ta ƙasar Italiya, wani matashin malami mai suna Andreas Vesalius ya karya al'adar aji. Yadda aka saba, malami yana zaune a kujera mai tsawo yana karanta Jalinus, wanzami yana ƙasa yana yanka gawa, wani kuma yana nuni da sanda. Idan gawa ta saɓa wa littafi, littafi ake bi. Vesalius ya sauko ya karɓi wuƙar da kansa. A 1543 ya buga babban littafinsa na ginin jikin mutum a birnin Basel, cike da zane-zane. Ya nuna cewa muƙamuƙin mutum na ƙasa ƙashi ɗaya ne, Jalinus ya ce biyu. Ƙashin ƙirji kashi uku ne, Jalinus ya ce bakwai, domin na biri ya ƙirga. A bugu na biyu, a 1555, ya fito fili ya ce bai ga ta inda jini zai ratsa katangar zuciya ba. Tsohon malaminsa na Paris, Jacobus Sylvius, ya fusata ya kira shi mahaukaci, har ya kafa hujja da cewa jikin mutane ne ya canja tun bayan zamanin Jalinus.

A tsakanin bugun nan biyu, wani ɗan ƙasar Sifen, Michael Servetus, ya rubuta bayanin bin jini ta huhu a cikin wani littafin tauhidin Kirista a 1553. A shekarar aka ƙona shi da ransa a Geneva saboda aƙidarsa ta addini, aka bi littafin ana ƙonawa, kwafi uku kacal suka tsira. A 1559 Realdo Colombo, wanda ya gaji kujerar Vesalius a Padua, ya sake bayyana hanyar huhu, wannan karon a littafin likitanci da ɗalibai suka karanta.

Duk da haka rabin hanya aka sani. Ibnu Nafis da Servetus da Colombo sun gyara yadda jini ke tsallakawa daga dama zuwa hagu, amma ba su rushe maganar cewa hanta na yin sabon jini gaɓoɓi na shanyewa ba. Wanda ya rushe ta Bature ne ɗan Ingila, William Harvey, wanda ya gama karatu a Padua a 1602. Malaminsa Fabricius ya gano wasu 'yan ƙyamare a cikin jijiyoyin da muke gani kore-kore a hannu, amma bai fahimci amfaninsu ba. Harvey ya lura cewa duk gefe ɗaya suke buɗewa, wajen zuciya.

Gwajinsa kowa zai iya yi. A ɗaure damtse da ƙyalle, ba da ƙarfi sosai ba, kamar yadda ma'aikaciyar jinya ke yi idan za ta ɗebi jini. Jijiyoyin za su kumbura a ƙasan ɗaurin, wajen tafin hannu. Da daga hanta jini ke gangarowa ta cikinsu, da a saman ɗaurin za su kumbura. Ke nan jinin da ke cikinsu komawa zuciya yake yi. Harvey ya kuma feɗe macizai da kwaɗi da kifaye, waɗanda zuciyarsu ke bugawa a hankali, ya kalli yadda take matsewa ta fitar da jini.

Sai ya yi lissafi, kuma lissafin ne ya gama da tsohuwar magana. Mu maimaita shi da alƙaluman yau. Zuciyar baligi da ke hutawa tana bugawa kamar sau 70 a minti, kowane bugu yana fitar da kimanin mililita 70. A minti guda kusan lita 5 ke nan, wanda shi ne kimanin dukan jinin da ke jikinsa. A yini da kwana ya kai lita 7,000, wato jarka 280 irin mai cin lita 25 da 'yan garuwa ke turawa a kura. Babu hantar da za ta haɗa wannan daga tuwon safe da na dare. Harvey ya yi amfani da adadi ƙasa da wannan nesa ba kusa ba, amma amsar ba ta canja ba: jini ɗaya ne yake zagawa yana dawowa. Ya buga wannan a 1628 a birnin Frankfurt, cikin ɗan littafi mai shafi 72. Marubucin tarihinsa John Aubrey ya ruwaito cewa bayan fitowar littafin marasa lafiya sun rage zuwa wurinsa, mutane suna ganin ya taɓu.

Abu ɗaya ya rage wa Harvey bai gani ba, wato inda jijiyoyi masu kai jini suke haɗuwa da masu dawo da shi. Ya rasu a 1657. Bayan shekara huɗu, a 1661, Marcello Malpighi a Bologna ya sa huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, ya ga wasu siraran hanyoyi da suka fi gashi ƙanƙanta sun haɗa su. Zoben ya rufe. Wurin da ake haɗa jini kuwa sai a 1868 aka gano shi, ashe a cikin ɓargon ƙashi ne.

Ibnu Nafis fa? Sunansa bai shiga wannan tarihi ba sai a 1924, lokacin da wani ɗalibin likitanci ɗan Masar, Muhyiddin al-Tatawi, yana binciken tsofaffin rubuce-rubucen Larabci a babban ɗakin karatu na Berlin, ya ci karo da sharhin. A kansa ya rubuta kundin digirinsa a jami'ar Freiburg ta Jamus. Kusan shekara ɗari bakwai ke nan tsakanin rubutawa da ranar da duniyar likitanci ta waiwayo. Mu da muke da tarin littattafan kakanni a adaka da tsofaffin gafakoki, gara na cin wasu, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Ya kamata kuma mu faɗi labarin daidai idan muna alfahari da shi: Ibnu Nafis ya riga kowa bayyana hanyar huhu, Harvey ya tabbatar da zagayen jiki gaba ɗaya.

Amfanin wannan ilimi yana tare da mu kullum. Allurar da ake yi a jijiyar hannu tana isa ko'ina a jiki cikin kamar minti guda saboda jini zagawa yake yi. Ƙarin jini ga mai haihuwa, da awon hawan jini, da daddanna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, duk a kan lissafin Harvey suka tsaya.

Abin da ke damun mu shi ne yadda muke koyar da shi. A makarantu da yawa ɗalibi zai zana zuciya, ya haddace sunayen ɗakunanta, ya ci jarrabawa, bai taɓa riƙe zuciya a hannunsa ba. Wannan ita ce hanyar da ta raya ƙofofin Jalinus shekara dubu, bambancin kawai yanzu abin da ake haddacewa gaskiya ne. Ɗalibin da ya karɓi gaskiya don an ce masa, haka zai karɓi kuskure ranar da aka ce masa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma kayan aikin ba su da tsada: zuciyar rago daga mahauci, reza, ƙyallen ɗaure damtse, da agogon waya don ƙirga bugun jini a wuyan hannu. Idan Sallah ta zagayo, kafin zuciyar ta shiga kasko, mu kira yaran gida mu tsaga ta a gabansu, mu ba su tsinke su nemi ƙofar da kansu.