Yadda marubutan Holan suka daina yi wa yara wa'azi

A shekarar 1778 wani lauya ɗan ƙasar Holan, Hieronymus van Alphen, ya fitar da ɗan littafin waƙoƙin yara. Matarsa ta rasu ta bar shi da yara ƙanana, su ya rubuta wa waƙoƙin. Littafin ya karɓu matuƙa, har ana ɗaukarsa a matsayin mafarin adabin yara a harshen Holan. Sai dai yaron da ke cikinsa yaro ne na gani-na-faɗa: mai ladabi, mai biyayya, wanda ko ya ga 'ya'yan itace sun nuna a lambun mahaifinsa ba ya taɓawa. Fiye da shekara ɗari da hamsin, mafi yawan littattafan yara na ƙasar a kan wannan turba suka tafi.

Wadda ta karya wannan al'ada 'yar malamin coci ce. An haifi Annie M.G. Schmidt a 1911 a ƙauyen Kapelle na lardin Zeeland. Ta daɗe tana aiki a ɗakunan karatu, abin da ya ba ta damar ganin littafin da yaro ke ɗauka da hannunsa da wanda ake tura masa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta koma jaridar Het Parool ta birnin Amsterdam, jaridar da aka fara bugawa a ɓoye lokacin mamayar Jamus. A nan ne, daga Satumban 1952 zuwa 1957, ta riƙa rubuta gajerun labaran Jip da Janneke, wani yaro da maƙwabciyarsa, duk mako.

Babu wani babban abu da ke faruwa a labaran. Yaran su yi wasa, su yi faɗa, su ɓata tufafi, su shirya. Babba ba ya shigowa a ƙarshe ya zayyana darasi. A ganina nan ne gwanintar Schmidt take: ta yarda cewa rayuwar ɗan shekara huɗu ta isa labari da kanta. Fiep Westendorp ce ta yi zanen, ta mai da yaran baƙaƙen inuwoyi, domin irin wannan zane ya fi fita tsaf a takardar jarida mai araha. Abin da larura ta haifar shi ya zama tambarin da har yau kowa a Holan ke ganewa daga nesa. Schmidt ta ci gaba da Minoes a 1970, labarin kyanwar da ta rikiɗe ta zama budurwa, da Pluk van de Petteflet a 1971. A 1988 aka ba ta lambar Hans Christian Andersen, ta rasu a 1995.

Dick Bruna na birnin Utrecht ya bi ta wata hanyar. Ɗan mai kamfanin buga littattafai ne, amma zane ya fi ja masa rai. A 1955, yana hutu da iyalinsa a bakin teku a Egmond aan Zee, ya riƙa ba ɗansa labarin wani farin zomo. Daga nan Nijntje ta fito, wadda duniya ta fi sani da Miffy. Ɗigo biyu ne idanu, ɗan gicciye ne baki, launuka kaɗan, littafin kuma ɗan murabba'i daidai hannun yaro. An fassara littattafan zuwa harsuna fiye da hamsin.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce Tonke Dragt. An haife ta a 1930 a Batabiya, wato Jakarta ta yau, lokacin da Indonesiya ke hannun Holan. Tana 'yar shekara goma sha biyu Japanawa suka tsare ta da mahaifiyarta da ƙannenta a sansani, kuma a can, cikin yunwa da ƙarancin takarda, ta fara ƙirƙirar labari. A 1962 ta fitar da De brief voor de koning, labarin Tiuri, saurayi ɗan shekara goma sha shida. A daren da zai kwana yana ibada kafin a naɗa shi jarumin sarki, an hana shi magana ko buɗe ƙofa. Sai wani ya ƙwanƙwasa yana neman taimako. Tiuri ya buɗe. Dubi nisan da aka yi daga yaron Van Alphen: a nan karya doka ce ta nuna nagartar yaro.

A 2004 aka zaɓi wannan littafi a matsayin mafi kyau cikin waɗanda suka ci kyautar littafin yara ta shekara-shekara a Holan cikin shekara hamsin. Amma masu karatu da Turanci ba su same shi ba sai 2013, shekara hamsin da ɗaya bayan fitowarsa, lokacin da Laura Watkinson ta fassara shi. Dragt ta rayu ta ga haka, ta rasu a watan Yulin 2024.