Gaɓa 12: yadda makaɗan jaz ke ƙirƙirar kiɗa nan take

Da yawa in sun ji kiɗan jaz sai su ce kowa na buga abin da ya ga dama ne. To, akwai doka a ƙasan wannan kiɗa, kuma a salon buluz ta fi fitowa fili.

Buluz ya samo asali wajen baƙaƙen fatar kudancin Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19. Zagayensa gaɓa 12 ne, kowace gaɓa bugu 4. Gaɓa 4 na farko ana zaune a sautin gida. A gaɓa ta 5 da ta 6 a ɗan fita, a ta 7 a dawo. A ta 9 a sake yin nisa, sannan a koma gida, zagaye ya tashi sabo.

Ƙungiyar da muke magana a kai mutum uku ce: mai piyano, mai ganguna, da mai kontirbas, wato ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana kaɗa shi da yatsu. Tare suke soma waƙar. Daga nan mai piyano ya shiga ƙirƙira, zagaye bayan zagaye, mai kontirbas na ba shi sauti ɗaya a kowane bugu. Wani lokaci mai piyano ya yi gaɓa 4, mai ganguna ya amsa da 4, kamar mawaƙi da ƴan amshi. Wanda lissafi ya kuɓuce masa, sai ya koma gida alhali abokansa na waje, kunya ta kama shi gaban jama'a.

Mai son misali ya nemi faifan Night Train na Oscar Peterson, ɗan Kanada, wanda aka naɗa a 1962 tare da Ray Brown a kontirbas da Ed Thigpen a ganguna. A ciki akwai C Jam Blues na Duke Ellington, wanda asalin waƙarsa sauti biyu ne kacal. Sauran abin da mai piyano ya buga, shi ya gina shi a kan gaɓa 12 ɗin.

In za ku saurara, ku bi mai kontirbas, kuna ƙirga gaɓoɓin da yatsu. Kafin zagaye uku za ku riƙa gane inda ake komawa gida.