Fitilar Azurfa ta Sirta: Yadda Ikilisiyar Arewacin Afirka Ta Rabu Gida Biyu

A ranar 19 ga Mayu, shekara ta 303, magajin garin Sirta, birnin da yau ake kira Konstantin a gabashin Aljeriya, ya shiga gidan da Kiristoci ke taruwa tare da magatakardansa. Ya zo ne da umarnin Sarkin Rum Diyokletiyan, wanda wata uku kafin nan ya zartar da dokar rushe majami'u da ƙone littattafan Kirista. Rubutaccen bayanin abin da aka kwasa a ranar yana nan har yanzu, kuma wanda ya karanta shi zai ɗauka lissafin kayan gado ne: kofunan zinariya 2, na azurfa 6, fitilun azurfa 7, rigunan mata 82, na maza 16, takalman mata ƙafa 47, na maza 13. Tufafin da takalman, bisa ga dukkan alamu, na rabon mabukata ne. Daga nan aka bi gidajen masu karatun majami'a ɗaya bayan ɗaya ana karɓar littattafai. A wani gida maigidan ba ya nan, matarsa ta fito da littafi shida ta miƙa.

Cikin waɗanda suka taya kwasar kayan akwai wani ƙaramin ma'aikacin majami'a mai suna Silbanus, wanda ya zaƙulo wata fitilar azurfa da ke ɓoye ya ba hukuma. Mai karatu ya riƙe sunan nan, domin za mu sake gamuwa da shi.

Tsanantawar ba ta daɗe ba a Afirka, wajen shekara ta 305 ta lafa. Abin da ta bari a baya shi ne ya daɗe. An kashe waɗansu saboda sun ƙi miƙa littattafai ko sun ƙi daina taron Lahadi, kamar mutum 49 da aka kama a garin Abitina a shekara ta 304. Waɗansu kuma sun miƙa sun tsira da rai, aka laƙaba musu sunan Latin traditores, wato masu miƙawa, kuma daga wannan saiwa Ingilishi da Faransanci suka samo kalmarsu ta maci amana. Da ƙura ta kwanta, sai tambaya ta taso: bishop ɗin da ya miƙa Littafi Mai Tsarki ga wuta, yana da sauran ikon yi wa mutum baftisma ko naɗa wani bishop?

A wajen Kiristocin wancan zamani wannan tambaya ta rai da mutuwa ce. Sun yi imani cewa baftisma ita ce ƙofar shiga Mulkin Allah, ta cikinta ake samun gafarar zunubi da matsayin ɗan gida da damar cin jibin Ubangiji. Bishop Sifiriyan na Kartaj, wanda aka fille wa kai a shekara ta 258 kuma Kiristocin Afirka suka ɗauke shi uba, ya koyar da cewa Ruhu Mai Tsarki yana cikin ikilisiya ɗaya tak, don haka baftismar da aka yi a wajenta wanka ne kawai, dole a sake ta. Bishop na Rum ya saɓa masa tun a lokacin, amma a Afirka ra'ayin Sifiriyan ne ya zauna. Idan aka bi wannan tunani zuwa ƙarshensa, bishop maci amana ya fitar da kansa daga ikilisiya, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa ya tsaya ne a ƙofar da ba ta kai ko'ina.

Rikicin ya fashe a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yau, wajen shekara ta 311, sa'ad da aka naɗa Sisiliyan bishop. Mutum ne mai maƙiya da yawa. An zarge shi da hana kai abinci ga fursunonin Abitina, kuma ya taɓa tsawata wa wata attajira mai suna Lusila saboda tana sumbatar ƙashin wani shahidi kafin ta karɓi jibi. Mafi nauyin zargi shi ne cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka naɗa shi, Filikus na Abtunga, mai miƙawa ne. Bishop-bishop kusan 70 suka taso daga lardin Numidiya, suna jin haushin an yi naɗin ba a jira su ba, suka soke shi, suka naɗa Majorinus, ɗan gidan Lusila. Bai daɗe ba ya rasu, Donatus ya gaje shi a shekara ta 313, kuma da sunansa aka san ƙungiyar.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da ya zama ɗaya daga cikin ƙananan rigingimun gadon kujera da tarihi ya manta. Amma a watan Oktoba na 312 Konstantin ya ci birnin Rum, kuma cikin 'yan watanni ya aika wasiƙu zuwa Afirka waɗanda suka sauya ma'anar zama ɗan ikilisiya. Ya umarci gwamna Anulinus ya mayar wa Kiristoci kadarorin da aka ƙwace. Ya aika wa Sisiliyan kuɗi folles 3,000 don ya raba wa malaman addini. Asalin kalmar jakar tsabar kuɗi ce, kamar yadda mu ma muke ƙirga kuɗi da jaka. Sa'an nan ya yafe wa malaman ikilisiyar da Sisiliyan ke shugabanta hidimomin gari. Wannan na ƙarshe shi ne babban gata. A daular Rum, mai ɗan hali a kowane gari ana tilasta masa shiga majalisar garin, ya tara haraji, ya cike giɓi daga aljihunsa, ya ɗauki nauyin gyaran hanyoyi da gidajen wanka. Hidimar ta talauta gidaje da yawa. Yanzu firist na ɓangaren Sisiliyan ya kuɓuta daga gare ta, maƙwabcinsa na ɓangaren Donatus kuwa yana nan a ciki. Tambayar wa ke cikin Mulkin Allah ta zama tambayar wa ke da gini, wa ke da kuɗi, wa mai karɓar haraji zai tsallake ƙofarsa.

'Yan Donatus ne suka fara kai ƙara wajen sarki, a watan Afrilu na 313, abin da abokan hamayyarsu ba su daina yi musu gori a kai ba har shekara ɗari. Sun sha kaye sau uku: a zaman da Bishop Miltiyades ya jagoranta a Rum cikin Oktoba na 313, a babban taron Arles da ke Faransa ta yau a 314, da kuma gaban Konstantin kansa a Milan a 316. Bincike ya wanke Filikus na Abtunga. A shekara ta 320 kuma aka tono tsohon bayanin nan na Sirta a gaban kotu, aka tabbatar cewa Silbanus, wanda a lokacin ya zama bishop na garin kuma yana cikin waɗanda suka soke naɗin Sisiliyan, shi kansa mai miƙawa ne. Fitilar azurfa ta dawo masa bayan shekara 17.

Mutum zai zaci wannan tonon silili ya kashe maganar, amma ko gezau. Konstantin ya gwada ƙarfi daga 317, ya gaji ya janye a 321, ƙungiyar kuwa sai ƙara yaɗuwa take yi, har Donatus ya iya tara bishop 270 a taro guda. A ganina dalilin a fili yake, ko da yake masana sun daɗe suna gardama ko a ɗauki lamarin a matsayin boren ƙauyawan Numidiya kan biranen gaɓar teku. Mutanen da iyayensu suka ga sojan Rum yana jan Kirista zuwa kurkuku, yanzu suna ganin sojan Rum ɗin nan yana tsaye a ƙofar majami'ar Sisiliyan yana gadi. Kowane hukunci da sarki ya yanke a kansu ƙarin hujja ne a idonsu cewa su ne ikilisiyar shahidai. A shekara ta 347 Sarki Konstans ya aiko wakilai biyu, Bulus da Makariyus, da kuɗin rabo da umarnin haɗewa. Donatus ya sallame su da cewa sarki ba shi da hurumi a harkar ikilisiya. Aka zub da jini a garin Bagai, aka kashe Bishop Markulus, aka kori Donatus daga ƙasar, ya rasu a gudun hijira wajen 355. Da Sarki Juliyan ya ba korarru izinin komawa a farkon shekarun 360, suka dawo suna wanke bangon majami'u da kankare bagadai, domin a ganinsu an ƙazantar da su.

Kada a ɗauka su waliyyai ne. A gefensu akwai gungun 'yan ƙodagon gona da ake kira sirkumseliyon, masu yawo da kulake suna far wa masu ba da bashi da malaman ɗaya ɓangaren. A garin Hippo, Annaba ta yau, wani bishop nasu ya taɓa hana masu gashin burodi su toya wa 'yan Katolika. Ɓangarorin biyu suna karanta littafi ɗaya, suna addu'a da harshe ɗaya, akidarsu game da Allah da Almasihu ɗaya ce. Har kirarinsu ma kusan ɗaya ne, waɗannan na cewa yabo ga Allah, waɗancan na cewa godiya ga Allah, kuma da wannan ɗan bambanci ake gane na gida da bare. A gari guda za ka tarar da bishop biyu da majami'a biyu, a gida guda miji na zuwa nan mata na zuwa can.

Cikin wannan hali Agustin, haifaffen Tagaste, wato Suk Ahras ta yau, ya zama firist a Hippo a 391, ya zama bishop bayan 'yan shekaru. Shi ya ba ɓangaren Katolika amsar da ta rayu bayan rikicin. Ya ce mai yin baftisma na haƙiƙa Almasihu ne, firist hanya ce kawai, kamar magudanar dutse da ruwa ke bi ya kai ga shuka. Ita magudanar ba ta tsiro da kome, amma ruwan ya isa. In ba haka ba, babu Kiristan da zai taɓa sanin matsayinsa, domin ba mai iya leƙa zuciyar wanda ya yi masa baftisma. Ya kafa hujja da misalan Linjila na gonar da alkama da ciyawa suke girma tare har ranar girbi, da tarun da ke kamo kifi mai kyau da marar kyau. Ikilisiyar duniya a wajensa gauraye take, tantancewa aikin Allah ne a ƙarshe. Ya kuma yi musu ba'a cewa suna son a yarda alkawarin da aka yi wa dukan al'ummai ya ƙanƙance ya koma lardi ɗaya na Afirka. Su kansu suka ba shi makami: bayan sun rabu a tsakaninsu a 393, sun sake karɓar waɗansu bishop-bishop da suka kora ba tare da sake baftismar mabiyansu ba.

Hujjar tana da ƙarfi, kuma ita ce matsayin da yawancin manyan ikilisiyoyi suke kai har yau. Abin da ya biyo bayanta ne ke da wuyar karewa. Agustin da farko yana ƙin tilas, amma bayan dokar haɗin kai da Sarki Honoriyus ya zartar a 405, ya rubuta wa wani bishop mai suna Binsentiyus cewa ya sauya ra'ayi, domin ya ga garinsu na haihuwa ya koma Katolika gaba ɗaya saboda tsoron doka. Ya jingina da misalin maigidan da ya shirya biki, waɗanda aka gayyata suka ƙi zuwa, ya sa bawansa ya shigo da mutane daga kan hanya ko da matsi. Wannan fassara ta yi dogon zamani, masu tsananta wa 'yan bidi'a a Turai sun jingina da ita ƙarnuka bayan mutuwarsa.

A watan Yuni na 411 aka yi zaman ƙarshe a wani babban gidan wanka na Kartaj, ƙarƙashin jami'in sarki Marselinus, wanda shi kansa ɗan Katolika ne kuma abokin Agustin. Bishop 286 suka sa hannu a ɓangaren Katolika, kusan 280 a ɓangaren Donatus, kowane ɓangare da masu magana bakwai, ga marubuta suna ɗaukar kowace kalma. 'Yan Katolika sun yi tayin cewa in suka yi nasara za su raba kujeru da takwarorinsu. 'Yan Donatus, da Fetiliyan na Sirta a gaba, suka ƙi zama a kujera tare da waɗanda suke ɗauka masu zunubi ne, sai Marselinus ma ya miƙe, ya ce ba zai zauna ba alhali bishop-bishop na tsaye. An ɓata lokaci mai yawa wajen kiran suna, gari bayan gari, kowane bishop yana fuskantar kishiyarsa, wani yana nuna wanda ya kore shi daga majami'arsa. Ranar 8 ga wata da dare aka yanke hukuncin da kowa ya san za a yanke.

Dokar da ta fito a Janairun 412 ta jera tara gwargwadon muƙami, daga fam 50 na zinariya ga manyan masu sarauta zuwa fam 5 ga talakan gari. Bayi kuma aka ce iyayen gijinsu su dawo da su hanya da gargaɗi, manoman haya kuwa da bulala. Aka miƙa majami'un Donatus ga 'yan Katolika. Da yawa sun haɗe, waɗansu da zuciya ɗaya, waɗansu don su tsira da gonakinsu. A Timgad, wajen 420, Bishop Gaudentiyus ya kulle kansa da jama'arsa cikin majami'a, ya ce zai cinna mata wuta in aka matsa masa.

Ikilisiyar da ta yi nasara ba ta ci moriyar nasarar da daɗewa ba. A 429 Bandalawa suka ƙetaro daga Sifaniya, Agustin ya rasu a Agustan 430 suna kewaye da Hippo, Kartaj ta faɗi a 439. Sababbin sarakunan Kiristoci ne masu bin akidar Ariyus, suka ƙwace manyan majami'u suka ba nasu malaman, suka kori bishop-bishop na Katolika, waɗansu daga baya har zuwa tsibirin Sardiniya. A shekarun 590, kusan shekara 180 bayan hukuncin Marselinus, Fafaroma Giregori na ɗaya yana ta rubuta wasiƙu zuwa Afirka yana kukan cewa a Numidiya ana sake yi wa mutane baftisma.