Eedris Abdulkareem da Gambarar Zamani a Nijeriya

An haifi Eedris Abdulkareem a Kano a shekarar 1974. Iyayensa Yarbawa ne, amma a Kano ya tashi, kuma yana jin Hausa. Daga baya ya koma Legas, inda masana'antar kiɗa take, domin neman abin kansa.

A ƙarshen shekarun 1990 ya haɗu da Tony Tetuila da Eddy Montana suka kafa ƙungiyar The Remedies a ƙarƙashin kamfanin Kennis Music. A wancan lokaci samarin Nijeriya masu sha'awar rap, wato gambarar zamani, yawanci kwaikwayon mawaƙan Amurka suke yi, har da karya harshe. Waƙarsu "Shakomo" ta ɗauki kiɗan wata waƙar Amurka, amma suka ɗora mata Yarbanci da Turancin buroka. Wannan ne ya sa ɗan kasuwa da ɗan acaɓa suka ji cewa da su ake magana. Ƙungiyar ba ta daɗe ba ta watse, kowa ya kama gabansa.

A 2002 Eedris ya fitar da "Mr. Lecturer", waƙar da ta fallasa malaman jami'a masu neman ɗalibai mata kafin su ba su maki. Ba duk malamai ne suka ji daɗinta ba, amma ɗalibai sun haddace ta, don kowa ya san abin da ake nufi.

Shekarar 2004 ita ce ƙololuwar shahararsa, kuma a cikinta ne abubuwa suka fara ɓaci. Ya fitar da "Jaga Jaga", kalmar da ke nufin abu ya yi kaca-kaca, yana bayyana cin hanci da talauci da rashin tsaro. Shugaba Olusegun Obasanjo ya fusata, ya yi tir da waƙar a bainar jama'a, aka hana sa ta a rediyo. Hanin bai yi amfani ba: a gidajen rawa da tashoshin mota ba a daina jin ta ba. A watan Disamba kuma rigima ta ɓarke tsakaninsa da mutanen mawaƙin Amurka 50 Cent a cikin jirgin sama, kan kujerar da aka ware wa baƙon. Hujjar Eedris ita ce ana fifita baƙi ana wulakanta mawaƙan gida. Yana da gaskiya a nan, ko da yake hanyar da ya bi ta jawo masa asara, domin masu shirya manyan wasanni sun juya masa baya na tsawon shekaru, a daidai lokacin da sababbin taurari suke tasowa.

Duk da haka "Jaga Jaga" ba ta mutu ba. A Janairun 2012, lokacin zanga-zangar cire tallafin man fetur, ta sake karaɗe Legas. A 2022 aka yi masa dashen ƙoda, matarsa ce ta ba shi tata. A Afrilun 2025 ya fitar da "Tell Your Papa", yana aika saƙo ga Shugaba Tinubu ta hannun ɗansa Seyi, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana sa ta. A wannan karo matasa a wayoyinsu suka saurare ta.